Ranar Da Aka Ba Da Labarin Iya Da Jamusanci

Tun da Rekiya ta hau bas a ƙarƙashin gadar Mararaba bakinta bai huta ba. Matar da ke gefenta, mai kwandon tumatir a cinya, ta ɗauka tasbihi take yi, har ta rage muryarta a waya don kada ta katse wa baiwar Allah ibada. Ba tasbihi ba ne, Jamusanci ne.

"Gehen, ging. Kommen, kam. Essen, aß."

Tafiya, ya tafi. Zuwa, ya zo. Ci, ya ci. Malaminsu a makarantar koyon harsuna da ke Wuse, Malam Abednego, mutumin Filato ne da ya daɗe a Jamus ya dawo da tumbi da tsanar mai makara. Shi ya gaya musu kada kowa ya wahalar da kansa neman dalili. Yawancin kalmomin aiki na Jamusawa masu ladabi ne, in kana son nuna abu ya riga ya wuce sai ka liƙa musu 'yar wutsiya su bi ka. Amma akwai waɗanda yake kira 'yan tawaye. Su da zarar an ce jiya sai su sake kama gaba ɗaya, ba yadda za ka yi da su sai hadda.

Hadda ba ta ba Rekiya tsoro. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin kuɗi a Karu, ta haddace sunayen magungunan da suka fi wannan karya harshe. Kuma tana da dalili, sunan dalilin Ameer. Injiniya ne a Jamus, ya zo hutu, ya rantse ba zai koma ba sai an sa musu rana. In an ɗaura can za su zauna, don haka take ta fama da harshen mutanen tun bara. Abu ɗaya ya rage musu, kuma shi ne babba: yardar mahaifiyarsa, Hajiya Yelwa. Yau Asabar za a kai ta ta gaishe ta a Asokoro.

Ba Hajiyar ce ke cin ranta ba, ƙaryar da za ta taka ta shiga gidan ce.

Mahaifiyar Rekiya, wadda suke kira Iya, tana nan da ranta a Yangoji, a gidan ƙaninta, kawun Rekiya, shekara da shekaru tana fama da taɓin hankali. Ameer ya sani. Da ƙafarsa ya je, ya zauna a kan turmi, Iya ta yi ta ɓare masa gyaɗa tana kiransa da sunan ɗanta da ya rasu, shi kuma yana amsawa. A hanyar dawowa ne ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Rekiya, na san Mami. In ta ji kalmar hauka, ko duk malaman Abuja aka tara mata ba za ta yarda ba. Na riga na ce mata iyayenki duka sun rasu."

"Ka kashe mini uwa da bakinka, Ameer?"

"Na ɗan lokaci ne. A ɗaura mu tafi, daga can ni da kaina zan gaya mata. In abu ya ɓaci ni ne a gaba. Ni na faɗa, ni zan ɗauka."

Ta yi kuka, ta ce Allah ba zai bar su ba, amma ba ta ce a'a ba. Tana son sa, son da ya fi ƙarfin wayonta.

Mutum ɗaya ce bayan shi ta san zancen a duk Abuja, ita ce Kauthar, 'yar ƙanin Hajiya Yelwa, wadda ta tashi a gidan. Ajinsu ɗaya, kujerarsu ɗaya. Kauthar ta shiga makarantar ne bayan Rekiya, wai tana son ƙaro karatu a can. Fara ce doguwa mai sanyin murya, irin wadda in ta ce maka sannu sai ka ji kamar ta ba ka kyauta. Tun ranar farko ta kama hannun Rekiya ta ce, "Ke ce matar Yaya? Ai ni ce 'yar aikenki a gidanmu." Kanta ba ya ɗaukar 'yan tawayen nan ko kaɗan, Rekiya ce ke zaunar da ita bayan an tashi tana yi mata bita.

A makon nan Malam Abednego ya raba su bibbiyu. Kowa ya ba ɗan'uwansa labarin gaskiya daga ƙuruciyarsa, da 'yan tawaye zalla, ranar Litinin kuma kowa zai miƙe ya maimaita na abokinsa a gaban aji. Suna zaune a motar Kauthar a inuwar wani mangwaro, Kauthar ta fara, ta ba da labarin rasuwar mahaifiyarta tana sharar hawaye. Da aka zo kan Rekiya ta nemi wani labarin ta rasa. Kalmomin da ke bakinta su ne gudu, faɗuwa, ihu, ɗauri, kuma labari ɗaya ta sani da ya ƙunshe su duka. Abin da ta kasa faɗa da Hausa tun tana yarinya sai ga shi yana fita da baƙon harshe, don da shi bai cika zafi a baki ba. Kauthar ta rungume ta suka yi kuka tare.

"Wallahi a nan ya mutu," in ji Kauthar. "Ran Litinin cewa zan yi kin je kasuwa kin ga kifi."

Da wannan alkawarin Rekiya ta sauka a mahaɗar AYA kusa da Asokoro, inda Ameer ke jiranta cikin farar shadda yana ta duba agogo.

Hajiya Yelwa ba ta yi kama da abin tsoro ba. 'Yar dattijuwa ce mai farin gilashi, tsohuwar darakta a ma'aikatar tarayya, mai magana a hankali irin ta wadda ta saba ba a katse ta. Rekiya ta durƙusa a kan kafet ta gaishe ta, Hajiya ta kamo hannunta ta zaunar da ita kusa da ƙafarta.

"Ameer ya ce marainiya ce ke, ba uwa ba uba."

Rekiya ta sunkuyar da kai. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

"Allah Ya jiƙansu. Yarinya ta riƙe kanta ta yi karatu ba mai tsawata mata, ai wannan abin a yaba ne. Daga yau kin samu uwa."

Daɗi da kunya suka rufe Rekiya a haɗe. Christina mai aiki ta kawo kunun aya mai sanyi, Hajiya da kanta ta zuba mata. Ameer yana kujerar da ke fuskantarsu sai murmushi yake, har da kashe mata ido ɗaya. Aka yi hirar asibiti, aka yi ta sanyin Jamus, Hajiya ta fara lissafa dangin da za a aika wajen kawun Rekiya. A nan ne Kauthar ta sauko daga bene cikin doguwar riga, ta rungumo Rekiya ta baya.

"Mami, kin ga malamata. Ba don ita ba da tuni Malam Abednego ya kore ni."

"To ku ɗan yi mini yaren nan in ji mana," in ji Hajiya. "Kullum sai ki fita wai makaranta, ban taɓa jin ko sannu a bakinki ba."

"Akwai aikin da zan gabatar ran Litinin. Bari in gwada a gabanku. Yaya Ameer, kai za ka riƙa fassara wa Mami, layi-layi."

"Bismillah," in ji shi yana gyara zama.

Kauthar ta tsaya a tsakiyar falon ta haɗa hannuwa a gaba kamar 'yar firamare.

"Rekiya kam aus Yangoji."

"Rekiya daga Yangoji ta fito," in ji Ameer.

Rekiya ta ɗago ta dubi Kauthar, Kauthar ta sakar mata murmushi.

"Ihre Mutter verlor ein Kind."

"Mahaifiyarta ta rasa ɗa."

"Allah sarki," in ji Hajiya.

"Sie aß nicht. Sie schlief nicht."

Muryar Ameer ta ragu. "Ba ta ci ba, ba ta yi barci ba."

"Sie lief auf die Straße und schrie."

Ameer bai fassara wannan ba. Rekiya ta ajiye kofin da ke hannunta. Kowace kalma ta gane ta tun kafin ta gama fita, ita ta koya wa Kauthar yadda ake furta su.

"Ina jin ka," in ji Hajiya.

"Mami, aikin makaranta ne kawai, ba wani..."

"Na ce ina jin ka."

"Ta fita titi da gudu tana ihu."

Hajiya ta cire gilashinta ta ajiye a hannun kujera.

"Die Männer kamen und..." Kauthar ta tsaya, ta dafe goshi. "Kash, kullum nan nake kakarewa. Anti Rekiya, binden, ɗauri, in ya wuce yaya ake cewa? Na maza da yawa."

Rekiya ta dube ta, idanunta sun cika taf. Ta girgiza kai a hankali, roƙo take yi da duk fuskarta.

"Taimaka mata mana, 'yata," in ji Hajiya. "Ba ke ce malamar ba?"

"Banden," in ji Rekiya, da ƙyar aka ji.

"Yauwa, na gode. Die Männer kamen und banden sie an einen Baum."

Ameer ya share gumi, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki. "Maza suka zo suka ɗaure ta a jikin bishiya."

"Saura layi ɗaya," in ji Kauthar. Ta gyara tsayuwa, ta furta shi dalla-dalla yadda Malam Abednego ke so. "Sie starb nicht."

Hajiya ta juya ta kafe Ameer da ido har sai da ya fassara.

"Ba ta mutu ba."

Kauthar ta zube a gaban Hajiya, hawaye kamar an kunna famfo.

"Ki yafe mini Mami, kwana nake ina juyi da abin nan. Amana ta ba ni, amma ke kika raine ni, ba zan iya kallon a rufe ki ba. Kuma don Allah kada ki ga laifin Yaya. Na tabbata shi ma bai sani ba, yadda aka gaya masa haka ya gaya miki."

Rekiya ta gane abin da aka yi. Ƙofa ce Kauthar ta buɗe masa, daidai faɗin mutum ɗaya. Ta juya ta dube shi, zuciyarta na cewa ba zai shiga ba, mutumin da ya zauna a kan turmi ba zai shiga ba.

"Ameer," in ji Hajiya, "ka sani?"

Ya dubi kafet, ya dubi labule, ya dubi ko'ina ban da inda Rekiya take.

"Yau na fara ji, Mami."

Rekiya ba ta san ta yi wani ƙara ba sai da ta ga Christina ta leƙo daga kicin.

"Ke kuma," Hajiya ta juyo gare ta, muryarta ba ta tashi ba ko kaɗan, "tambaya ɗaya zan yi miki. Uwarki tana da rai?"

"Tana da rai, Hajiya."

"Kina zaune na yi mata addu'ar matattu, kika yi shiru."

"Na yi kuskure. Na ji tsoro ne. Hajiya, Iya ba haka aka haife ta ba, wallahi mace ce mai hankali, ita ke yi wa matan unguwa sulhu. Ƙanina ne ya rasu a bayanta tana hanyar asibiti, ta yi ta tafiya da shi ba ta sani ba. Baƙin ciki ne ya taɓa ta. Yanzu tana shan magani, tana salla, tana gane ni."

"Mata nawa suka binne 'ya'ya? Ni nan biyu na binne. Kin taɓa jin an ɗaure ni a bishiya?"

Rekiya ta kifa kai a gwiwa tana kuka.

"Ni ban ƙi talaka ba, ban ƙi wata ƙabila ba, shaida kin gani da idonki ɗazu. Amma ciwon nan jini yake bi. Ba zan ƙare rayuwata ina leƙen idon jikokina ina jiran ranar da ɗaya zai tuɓe riga a titi ba. Kuma wadda ta iya binne uwarta da rai don ta samu miji, ban san me za ta yi da uwar mijin ba." Ta ɗaga murya kaɗan. "Christina, zo ki ɗauke kofin nan. Kada ki haɗa shi da sauran."

Rekiya ta miƙe. Ta ce, "Na gode, Hajiya," don ba ta san me ake cewa ba. Da za ta wuce, Kauthar ta ɗago jiƙaƙƙiyar fuskarta ta yi mata magana ƙasa-ƙasa yadda su biyu kawai za su ji.

"Tun ina 'yar sakandare nake jiransa. Ke daga ba shi allura sau ɗaya sai ki ɗauke?"

Rana ta take a tsakar gidan. Ta kusa kaiwa bakin get, inda maigadi ke zaune a benci yana sauraron rediyo, sai ta ji takunsa a bayanta.

"Rekiya, tsaya. Don Allah ki tsaya ki ji."

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Dabara ce. In na ce na sani, mu biyu muka faɗi, ba mai ɗaga wani. Yanzu kuwa tana ganin ni ma an cuce ni, za ta saurare ni. Ki ba ni lokaci in lallaɓa ta."

"Ka ce kai ne a gaba."

"Na faɗa, amma ba ki ga idonta ba? Hawan jini gare ta."

"Ni kuma uwata me gare ta, Ameer?" Ta juyo, hawaye na bin haɓarta. "Ka ci gyaɗar hannunta. Ta kira ka da sunan ɗanta ka amsa. Har yau in na je sai ta tambaye ni yaushe yaronta zai dawo, ta ƙulle maka wata gyaɗar a bakin zane ta hana kowa taɓawa. Kai ka kashe ta, ni aka ba gawar in ɗauka a gaban mahaifiyarka."

"Ki rage murya, maigadi na ji."

"Ya ji mana. Me ya rage da ba a ji ba? Da bakinka ka fassara, layi-layi, ko tuntuɓe ba ka yi ba. Ka iya cewa ka manta kalmar. Ka iya cewa kifi ta gani a kasuwa, Mami ba ta jin ko ɗaya."

"Kauthar za ta gyara ni ai."

"To ka koma yanzu. Ba na neman ka yi faɗa da kowa. Ka shiga ka ce, Mami, ni na ƙirƙira, yarinyar nan roƙona ta yi kada in faɗa. Ko ba za a yi auren ba, ka wanke ni. In fita gidan nan a 'yar marar lafiya, na yarda, ita ce ni. Kada in fita a maƙaryaciya."

Ya murza zoben azurfar da ke yatsansa.

"Ba yau ba," in ji shi. "Abin da zai taimaka shi ne ki turo mata saƙo anjima, ki ba ta haƙuri, ki ce kin ɓoye mini ne saboda kina sona. In ta ga kin ɗauki laifin gaba ɗaya zuciyarta za ta yi sanyi."

Rekiya ta dube shi. Farar shaddar nan, gemun nan da aka gyara da safe, bakin nan da ya sa ta haddace kalmomin wata ƙasa a cikin bas. Ita yake so ta sa hannu a kan ƙaryarsa, kuma har ransa yana ganin shawara ce mai kyau ya kawo. Sai dariya ta kuɓuce mata. Ba ta so ba, ta toshe baki da mayafi, amma dariyar ta ƙi tsayawa, ta cakuɗe da kukan har kafaɗunta na girgiza, ta dafa bango don kada ta faɗi.

Da ta ɗago, Ameer ba ya inda ta bar shi. Ya ja da baya. Hannuwanta yake kallo, sannan idanunta, sannan hannuwan kuma, bakinsa a ɗan buɗe. Ta san wannan kallon sarai, ta girma tana ganin ana yi wa Iya shi.

Dariyar ta ɗauke ɗif.

"Ameer," ta ce a hankali, ta miƙa masa hannu, "ni ce fa."

Bai karɓa ba. Ya ƙara ja baya, ya yi wa maigadi magana ta gefen baki, cikin irin muryar da ake yi don kada a tunzura mutum.

"Malam, buɗe mata ƙofa. A hankali, kada ka matsa kusa da ita."